Kakan da Aka Ce Ya Mutu a Teku

Goggo Noreen ba ta taɓa roƙon danginta komai ba sai abu guda: in ta mutu, a sa ta kusa da kakanta Denis. Shekararta casa'in da huɗu, ba ta taɓa aure ba, kuma tun ranar da likita a garin Warrnambool ya saurari ƙirjinta ya yi jim, ta san maganar ta wuce hira.

Filin gidan Madigan a tsohuwar maƙabartar ƙauyen na mutum huɗu ne. Martin Madigan, wanda ya taso daga Clare ta ƙasar Ireland a 1855, shi ya kama shi. Yana ciki, matarsa Honora na ciki, Denis ya bi su a 1934. Saura gurbi ɗaya. Ƙa'idar kwamitin maƙabarta ba ta da wuya: duk wanda za a sa a wurin, a nuna a takarda cewa jinin Martin ne.

Ged Madigan, ɗan wan Goggo, ya ɗauka aikin yini ɗaya ne. Shekara arba'in yana noman dankali, takardar da ya saba da ita ba ta wuce ta taki da ta awo ba. Sai ya ɗora wa Colleen, 'yar ƙanwar babansa, tsohuwar malamar makaranta wadda ta shekara shida tana tonon asalin gidan a kwamfuta.

Colleen ce ta ɓata lamarin, kuma ƙwazo ne ya ja mata. Ta haɗa wa sakataren kwamiti, wani dattijo mai suna Purcell, takardu cike da jaka, har da jerin sunayen mutanen jirgin ruwan da ya kawo su Martin, wanda ba wanda ya tambaye ta. Purcell kuwa mutum ne da ke karanta duk abin da aka ba shi. Bayan kwana uku ya kira su ofis, ya ɗora yatsa a kan layi ɗaya.

"Denis Madigan, ɗan Martin da Honora, shekara uku. Ya rasu a hanya, an sa shi a teku." Ya cire tabarau. "To wane ne wannan da aka binne mana a 1934?"

"Kakan Goggo mana," in ji Ged.

"Na yarda kakanta ne. Ɗan waye?"

Takardar mutuwar Denis ta ce an haife shi a Clare, ya rasu yana da tamanin da biyu, amma gurbin sunan iyaye babu komai. Aurensa kuma a can jihar New South Wales aka ɗaura, lokacin da yake yawon askin tumaki, wanda ya rubuta bai damu da iyayen kowa ba.

A mota Ged ya ce, "Malama, an aike ki ki nemo kaka, kin je kin nutsar da shi."

"Rufe mini baki, sarkin dankali. Na ga layin tun bara, na ɗauka kuskuren magatakarda ne."

"Shi ne kika kai wa Purcell ya taya ki gani."

Wata huɗu Colleen tana aika wasiƙu Ireland. An turo mata hoton shafin baftismar Denis na 1852, wanda bai ƙara komai ba sai tabbatar da yaron da ya mutu. Ta sa Ged ya tofa yawu a 'yar kwalba aka aika gwaji, sakamako ya dawo cewa kusan duk jininsa na Ireland ne. Ged ya ce wannan ko karen gidansa ya sani. Daga ƙarshe Colleen ta tsaya a kan cewa wataƙila wani maraya ne a jirgin, su Martin suka ɗauka suka ba shi sunan ɗansu. In haka ne, Goggo ba jinin Martin ba ce, su ma duka haka.

Ba wanda ya so gaya wa tsohuwar, sai ya faɗa kan Ged. Ya je mata da hantsi ranar Talata da buhun dankali ƙarami, ya tarar da ita a kicin, bargo a gwiwa. Ya dafa shayi, ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya faɗa.

"Maraya?" Goggo ta ajiye kofi. "Mutumin da ke da hancin nan naka, mai kama da dankalin da garma ta sara? Shekarata tara ya mutu, Ged. A cinyarsa na koyi addu'a. Kowace Lahadi sai ya tsaya a kan kabarin Martin ya ce, Baba, ga mu."

"Na sani, Goggo. Amma Purcell takarda yake so."

"Purcell. Na san shi tun yana fitsarin kwance." Ta ja bargo. "To in sun hana, kada ku kai ni sabuwar maƙabarta cikin baƙi. Ku nema mini wuri ta bakin shinge, layin jarirai, kusa da Noreen."

Ged ya dube ta. Zuciyarsa ta ce masa abin da Colleen ke tsoro ne ya zo, kan tsohuwa ya fara juyawa.

"Wace Noreen, Goggo? Ke ce Noreen."

"Yayata, sakarai. Kwana goma sha ɗaya ta yi a duniya, shekara guda kafin ni."

"Aka kuma sa miki sunanta?"

"Ba sunanta ba ne, sunan uwar mamarmu ne. 'Yar fari ita ke ɗaukarsa. Ɗan fari kuma na kakansa na wajen uba. In Allah ya karɓi yaron, wanda ya biyo baya ya ɗauka. Da can ba a barin sunan iyaye ya bi jariri ƙasa. Ku ne yanzu kuke sa wa yara sunan da kuka ji a talabijin."

Ged bai ƙarasa shayinsa ba. Ya tambaye ta sunan uban Martin. Ta ce Denis mana, sai wa?

Bai kira Colleen ba. Ya tuƙa motarsa ta ɗaukar kaya zuwa cocin ƙauyen, ya samu Fada, limamin cocin, yana ƙoƙarin tayar da injin yankan ciyawa. Ged ya tayar masa, sannan ya ce yana son ganin littafin baftisma mafi tsufa. Yana cikin kabad na ƙarfe a ɗakin baya, ba a taɓa ɗaukar hotonsa an sa a kwamfuta ba. Rubutun na Latin ne, don haka Fada ne ya riƙa karantawa, Ged na riƙe da gefen shafi da yatsun da ya goge a wando sau biyu. Jirgin ya iso a watan Afrilu na 1855. Daga nan suka fara.

Ba su kai shafi na biyar ba. Ranar takwas ga Yuli, an yi wa Denis baftisma, ɗan Martin Madigan da Honora Keane, haihuwar kwana shida.

Colleen ta zo da yamma, ta tsaya a kan littafin kamar wadda aka mara. Daga ƙofar gidanta zuwa cocin nan tafiyar minti ashirin ce.

"Kowace takarda ta ce Clare," in ji ta. "Shekarunsa ma sun yi daidai da 1852."

Wannan ma Ged ya riga ya warware shi a hanya. Tsohon littafin addu'ar Honora yana gidansa, a shafin farko an jera sunayen 'ya'ya, Denis ɗaya ne a ciki, da shekarar 1852. Suna ya riga ya hau takarda, ba su ga dalilin sake rubuta shi ba. Shi kuma yaron ya tashi ya ga sunansa da shekara, ya ɗauka tasa ce.

"Shekara shida, Malama. Da kin tambayi Goggo da kin huta da sayen kan sarki."

"Na tambaye ta sau ɗari!"

"Kin tambaye ta abin da ke cikin kwamfutarki."

Purcell ya karanta wasiƙar shaida da Fada ya rubuta sau biyu, ya sa hannu.

Saura aiki ɗaya, kuma shi ya fi damun Ged. Duk rayuwar Goggo abin taƙamarta shi ne kakanta haihuwar Ireland ne, ya ƙetaro teku. Ya kai mata takardar izini, ya bari ta gama dubawa, sannan ya ce, "Sai dai fa, Goggo, a nan aka haife shi. Bai wuce mil biyar daga kujerar nan ba."

"Wane wata?"

"Farkon Yuli."

"Jirgin yaushe ya taso?"

"Janairu."

Ta ɗaga hannu tana lanƙwasa yatsu ɗaya bayan ɗaya, leɓenta na motsi. Ta kai ƙarshe, ta sake daga farko.

"To da cikinsa aka taso," in ji ta. "Ku maza ba ku iya lissafi ba. Zuba mini shayi."

Ta rasu a watan Oktoba, ana tsakiyar shuka. Aka sa ta a gurbi na huɗu, gefen Denis. Da aka zo sassaƙa dutsen kabari, Colleen ta kawo rubutu mai tsawo da shekaru da wuraren haihuwa, duk an gyara. Ged ya karɓi biro ya rage shi. Ya bar Martin da Honora, ya sa Denis na teku da shekararsa uku, ya sa Denis na biyu, a ƙarƙashinsa aka rubuta cewa ya taso daga Clare. Colleen ta buɗe baki, ta lissafa da yatsu ita ma, ta rufe.