Ƙararrawar Mai Gyaran Keke

Mai gyaran keke ne ya ɗauko wa gidansa sola a kan biya kaɗan-kaɗan: faranti ɗaya a kan rufi, akwati mai maɓallai a bango, ƙwan fitila uku. Tsarin ba wuya. Ka tura kuɗin mako ta waya, kamfani ya turo lambobi, ka danna su a akwatin, wuta ta zauna kwana bakwai. Ran da ka gama biya kaya sun zama naka, babu mai sake turo maka komai.

Da lambar wayarsa ya yi rajista. Da yake mutum ne da wasa ba ya ƙare masa, sai ya sa wa saƙon wayar ƙarar ƙararrawar keke, wai ko kamfani ma ya san gidan wa yake sallama. Saura wata bakwai a gama biya ya rasu.

Matarsa, mai ɗinki, ta ci gaba da biya da wayar tasa. Sai dai ta ɓullo da nata salon. In ta tura kuɗin da la'asar, sai ta ajiye wayar a kan taga, ta juya wa ƙofa baya, ta ɗauki allura. Can sai ƙararrawa ta kaɗa. A ɗan wannan numfashin takan ji an jingine keke da bango, ta ji warin man giris, ta ji wannan gyaran muryar tasa mai ban haushi da ta yi shekara talatin tana mita a kai. Labule ya ɗan motsa. Ba ta waiwayawa. Sai komai ya lafa take ɗaukar wayar. Karatu bai dame ta ba, amma ta san zubin sunansa a saman saƙon kamar yadda ta san tafiyarsa.

Da ta gano ana karɓar kuɗin kwana ɗaya, ai sai ta watsar da na mako. Kullum ta tura, kullum mai gidan ya dawo.

Ranar da mai sola ya zo goge faranti, ya sauko yana washe baki.

"Mama, albishirinki! Saura biya ɗaya. Kina turawa, ke da mu sai gaisuwa."

Ta ce masa ta gode. Daga ranar ta daina biya. Akwatin ya ɗauke wuta, ta koma ɗinki a bakin ƙofa tana bin rana kamar kaza, kayan mutane suka taru a kwando. Kuɗin kuwa suna nan cikin gwangwanin maɓalli. Tsoro take ji, tsoron ranar da wayar za ta yi shiru.

Kwana na biyar autarta ta zo daga wurin aiki, ta danna makunni, babu komai.

"Haba Mama! Kuɗin ne babu ba ki faɗa ba?"

"Akwai."

"To zaman me kike da duhu?"

Uwar ta sunkuyar da kai tana neman bakin zare. Auta dama ba ta iya jira ba tun tana goye. Ta karanta lambar da ke jikin akwatin, ta latsa wayarta, ta biya.

Ƙararrawa ta kaɗa a kan taga. Mai ɗinki ba ta shirya ba, fuskarta na kallon ƙofa. Ta ga labule, ta ga bango, babu keke.

"An gama!" in ji Auta, tana danna lambobin. Ƙwai uku suka kama lokaci guda. "Taki ce yanzu har abada."

"Na ji. Shi ke nan kuma ba zai ƙara shigowa ba."

Auta ta dubi uwar, ta dubi wayar. Ita ma da wannan ƙarar ta girma, da gudu take fita tarar babanta in ta ji ta a ƙofa. Ta zauna a ƙasa ta kwantar da kai a gwiwar uwar.

Washegari Auta ta kama hannun uwar har shagon sola. Aka nuna musu fanka, da rediyo, da talabijin.

"Wanne ya fi daɗewa ana biya?" in ji mai ɗinki.

Mai sola ya sosa kai, don wannan tambayar bai taɓa jin ta ba. "Talabijin, Mama. Shekara uku."

"Ba ma kallo take ba," in ji Auta, tana dariya tana share ido. "Kawo shi."

Ya jawo takarda. "Lambar wa zan sa?"

Mai ɗinki ta kwance bakin zaninta, ta ɗora tsohuwar wayar a kan tebur.