Ranar da Swabra Ta Tuba Daga Turare

Swabra na tsugunne a gaban kabad ɗin gilashi na falonta, tana naɗe kwalaben turare cikin tsofaffin zannuwa tana jera su a akwatin tafiya, mijinta Athman ya fito daga wanka da tawul a wuya ya tsaya mata a ka.

"Maman Tima, yaji za ki yi?"

"Duniya nake ceto," ta ce, ba ta ko ɗago ba.

"To, madalla. Da ma jiya na ji ana cigiyar mai cetonta a rediyo. Kafin ki fita ceton, akwai shayi?"

Ta ɗauko wata doguwar kwalba mai murfin zinariya, ta buɗe, ta shinshina kamar mai sallama da ɗan'uwa a tasha, ta naɗe ta.

Duk unguwar Kisauni ta Mombasa an san kabad ɗin nan. Wasu matan gwal suke tarawa, wasu fili a Bamburi, ita kuwa tun tana budurwa kwalba take tarawa. Akwai na Dubai, akwai na Maskat, akwai man yasmin na Zanzibar, akwai na Faransa waɗanda ko sunansu ba ta iya faɗa sai dai ta nuna da yatsa. Idan ta wuce ta layi da safe za ta aiki, mai sayar da madafu, wato ruwan ɗanyar kwakwa, yakan ce ko idonsa a rufe ya san ranar mako daga ƙamshinta.

Aikin nata a wani otal ne na bakin teku a Nyali, a teburin karɓar baƙi. Komai lafiya lau har aka kawo sabuwar manaja daga Nairobi, Madam Chebet, mace mai son muhalli kamar ita ta haife shi. Ta hana robar ruwa, ta hana tsinken shan lemo, sannan ta ce za a naɗa jami'in kula da muhalli, da ofishinsa da ƙarin albashi. Aka tara ma'aikata a ɗakin taro mai sanyin na'ura, wani Bature da ya sha tafiya a jirgin sama ya zo ya bayyana musu yadda jirgin sama ke kashe duniya. A cikin hotunan da ya nuna har da dajin da aka sare don itacen turare, da tsibin kwalabe a juji.

Tun daga ranar Swabra ta zama wata iri. Ta sayi gorar ruwa ta ƙarfe tana yawo da ita a hannu yadda kowa zai gani. Duk wanda ya ce mata ana zafi, sai ta ce laifinmu ne. Shekaranjiya kuma Madam ta tsaya a teburinta ta ce, "Ranar Asabar zan zo gidanki shan shayi. Akwai maganar da za mu yi. Kuma na ji labarin kabad ɗinki."

Nan take Swabra ta tuna da tarin kwalabenta. Ta san bakin da ya kai labarin: Nuru, abokiyar zamanta a tebur, wadda ba ta iya ganin abu ta bar shi a inda ta gan shi.

"Ki zubar da turarukan a magudana mana," in ji Athman yana hura shayin da ya haɗa wa kansa.

"Su gangara teku su kashe kifi?"

"Ko kifin Mombasa ya yi ƙamshi sau ɗaya a rayuwarsa."

"Baban Tima, ba wasa nake ba. In ta ga wannan kabad, muƙamin ya tafi."

"To ki kai bola."

"Gilashi ba ya ruɓewa."

"Ashe duk inda kika kai su duniya ta shiga uku. Ki bar su a nan, aƙalla mun saba da su."

Ta ja zif ɗin akwatin da ƙarfi. Ta riga ta tsara komai: za ta kai su Tsohon Gari wurin yayarta Mwanakombo, su kwana can, gobe Lahadi ta dawo da abinta bayan an gama ceton duniya.

Tuktuk ɗin da ta hau, wato ɗan adaidaita sahu, yana ta tusa baƙin hayaƙi tun daga gadar Nyali har Kibokoni da ke Tsohon Gari. Ta rungume akwatin a cinya, duk ramin da aka faɗa kwalabe su yi ƙara, zuciyarta ta amsa.

Ta iske tsakar gidan Mwanakombo cike da mata. Ana bikin 'yar maƙwabta da yamma, an baza furen yasmin a faifai ana shirya shi a zare, wasu na kwaɓa lalle, wasu na soya mahamri, fanken mutanen bakin teku. Swabra ta so ta ja yayarta ɗaki su yi magana su biyu, amma Mwanakombo ba ta san wani abu wai shi sirri ba. Nan gaban kowa ta buɗe akwatin, mata suka zuba ido.

"Ke lafiya? Athman ya kore ki ne da dukiyarki?" in ji Mwanakombo.

Da Swabra ta ce ajiya ta kawo, da magana ta ƙare. Amma idanu sun yi yawa a kanta, kuma jawabin da ta kwana biyu tana haddacewa saboda Madam yana nan a bakinta yana neman hanyar fita.

"Yaya, na bar turare," ta ce. "Kin san bishiya nawa ake sarewa kafin a cika wannan 'yar kwalbar? Kin san inda kwalin yake zuwa? Mu ne muke kashe duniya da hannunmu, don kawai a ce mun yi ƙamshi."

Mwanakombo ta dube ta sama da ƙasa. "Shi ne kika kawo su gidana, duniyar ta mutu a nan, ke hannunki tas."

Mata suka kwashe da dariya.

"Ku yi dariya. Wata rana za ku gane."

"Tsaya in ji da kyau, kunnena ya fara tsufa. Kin bar su, ko hutu kika ba su?"

"Na bar su."

"Har yaushe?"

"Har abada," in ji Swabra, ta ɗaga gorar ƙarfenta ta kurɓa. "Ki yi yadda kika ga dama da su."

Wata tsohuwa a gefe ta ce Allah ya karɓi tuba. Swabra ta fita tana jin kanta kamar wadda aka ba lambar yabo. A ranta ta ce gobe da sassafe za ta dawo ta yi wa yayarta bayani. Ai Mwanakombo ta san halinta.

Daga can ta wuce wani katafaren kanti a Nyali, inda aka buɗe shagon turaren da ba ya cutar da kowa. Komai na shagon katako ne, har murmushin mai sayarwa. Matar ta tabbatar mata cewa babu bishiyar da ta zubar da hawaye wajen haɗa wannan turare, babu dabbar da aka ɓata wa rai. Kuɗin kwalba ɗaya ƙarama ya isa cefanen wata. Aka saka ta a kwali, aka saka kwalin a jakar takarda, aka saka jakar a wata jakar takarda mai hoton ganye.

A gida ta goge kabad, ta ajiye kwalbar ita kaɗai a tsakiya, ta aro tukunyar fulawa daga maƙwabta ta sa a gefe. Ta yi wanka ta fesa sabon turaren.

Athman ya shigo yana ɗaga hanci. "Wa ke yanka kokwamba?"

"Ƙamshin halitta ne."

"To ki ƙara tumatir da albasa, a ci da shinkafa."

Bayan la'asar wata zungureriyar mota ta tsaya a ƙofar gida. Madam Chebet ta fito, aka bar injin a kunne don kada motar ta ɗau zafi kafin ta dawo. Ta shigo da fara'a, ta gaisa da Athman, ta zauna, ta karɓi shayi. Idonta na ta yawo a falon har ya sauka a kan kabad.

"Wannan ne?"

"Shi ne, Madam. Da ma a cike yake, ba zan ɓoye miki ba. Amma na rabu da su duka."

"Duka?"

"Ko ɗigo ban bari ba." Swabra ta gyara zama, jawabi ya zo karo na biyu, ya fi na safe daɗi. Ta yi maganar daji, ta yi maganar juji, ta ce yanzu ko ƙamshin turaren wuta ta ji sai kanta ya yi ciwo saboda tausayin bishiya. Ta ce ba ta ƙaunar ta sake taɓa kwalbar turare a rayuwarta in ba wannan ba.

Madam ta ajiye kofi a hankali. "Kai, na yi baƙin ciki. Wato na yi murna, amma na yi baƙin ciki."

Swabra ta yi murmushin da bai san inda za shi ba.

"Abin da ya kawo ni," in ji Madam, "za mu buɗe ɗan shagon turare a harabar otal. Baƙo ya zo da tsohuwar kwalbarsa a cika masa, ba sabon kwali, ba sabon gilashi. Ina neman mai hanci, wadda za ta riƙa zuwa Lamu da Zanzibar, wani lokaci har Maskat, ta zaɓo mana daga wurin masu haɗawa. Nuru ce ta ce mini duk Mombasa babu kamarki, in zo in ga kabad ɗinki da idona."

"Nuru?"

"Ita. Tana yabonki sosai. Amma ba zan sa ki aikin da zuciyarki ta ƙi ba. Sai dai ita Nurun ta gwada, ta koya a hankali."

"Madam, ai ba wai na tsane shi gaba ɗaya ba ne, wato idan aiki ne…"

"A'a, kada ki sassauta saboda ni. Irinki ba su da yawa." Ta juya ga Athman. "Ko ba haka ba?"

"Wallahi Madam, tun asuba take ceto," in ji Athman. "Ko karyawa ba ta yi ba."

"To ka gani. Muƙamin muhalli naki ne, Swabra. Litinin za ki fara. Ofishinki na bayan kicin, kusa da inda ake ware shara, don ki sa ido sosai. Kan kifi da ɓawon jatan lande su ne matsalarmu, musamman da rana. Za a ba ki takalmin roba da safar hannu."

Swabra ta yi godiya. Har mota ta raka ta, ta ɗaga mata hannu. Motar na karya kwana ta fizgi mayafinta ta tare tuktuk.

Tun daga bakin lungun Kibokoni ta san ta makara. Ƙamshi ne ya tarye ta kafin kiɗan. Wata yarinya ta gifta, ta bar na Maskat a bayanta. Wata mata mai goyo tana tafe da na Faransa, an yi wanka da shi kamar ruwan rijiya. A ƙofar gidan biki ta ji wanda Athman ya saya mata ranar da ta haifi Tima, lokacin albashinsa bai kai ya kawo ba, wanda ita kanta sai da Sallah take buɗewa. A jikin wata ƙatuwar mata da ba ta taɓa gani ba yake, tana rawa tana gumi.

Ta sami Mwanakombo a bakin murhu.

"Yaya, ina kayana?"

"Waɗanne kaya?"

"Akwatina!"

"Akwatinki na ƙarƙashin gado, ba abin da ya same shi. Na ciki kuwa, amarya ta ɗauki masu murfin zinariya, uwar ango ta zaɓa, sauran na raba wa jama'a. Har addu'a aka yi miki."

"Ajiya fa na kawo!"

"Har abada kika ce, ƙanwata, gaban shaidu. Na ma sake tambayarki saboda kunnena." Ta juya tukunya. "Kuma kada ki damu da kwalaben. Na ce in sun ƙare kowa ta zuba man kwakwa ko kwalli, kada a yar. Duniyarki ta tsira."

Swabra ta buɗe baki, ta rasa wanda za ta zaga. Ta koma gefen tabarma ta zauna. Ana ta guɗa, ana liƙi, iska na kawo mata kayanta ɗaya bayan ɗaya daga wuyan mutane. Idonta ya cika, ta sunkuyar da kai tana gyara mayafi.

Tsohuwar da ke kusa da ita, Bi Mishi, wadda ido ya fara gaza mata, ta matso ta shinshina kafaɗarta.

"'Yar nan, haka ake zuwa biki? Ba ki da mai ba ki turare?" Ta laluba cikin zaninta, ta ciro 'yar kwalbar man yasmin na Zanzibar. "Miƙo hannu. Wata baiwar Allah ce ta tuba ta rabar da nata."

Swabra ta miƙa. Tsohuwar ta ɗiga mata ɗigo ɗaya a wuyan hannu, ta yi maza ta rufe.

"Ya isa. Mai tsada ne, ba ki san irinsa ba."

Swabra ta kai hannun hancinta, ta daɗe a haka. Sannan ta miƙa ɗayan.