Keken Baba Tela a Gidan Tarihi

Aro Baba Tela ya ba su, da bakinsa ya faɗa. Gidan tarihi da laburare da ma'ajiyar tsofaffin takardu ne suka haɗa kai za su yi baje koli, suka zo suna lallashinsa ya ba su keken ɗinkin da ya gada wurin mahaifinsa. Ya ba su, ya ci gaba da aiki da sabon kekensa.

Ana cikin haka sabon ya ƙone, ga rigar wani lauya mai masifa da ya yi alkawarin gamawa gobe. Ya naɗe yadin a hammata ya nufi gidan tarihi.

Ya tarar da kekensa an kewaye shi da jar igiya kamar mai laifi. Yana miƙa hannu shugaban gidan ya yi tsalle.

"Baba, ba a taɓawa!"

"Kai yaro, tun kana tsumma nake taka keken nan."

"Ai yanzu ya zama tarihi. Duk abin da muka liƙa wa lamba ba ya fita sai mu uku mun yarda."

Aka kira sauran biyun. Matar laburare ta ce a wurinsu komai ana ara, amma sai ya yi kati, ya jira mako mai zuwa. Mai takardu, wani siriri mai tari, ya ce shi a ganinsa ma haske ya yi wa keken yawa, a sa shi a kwali a rufe. Nan suka kaure da gardama, kowa na cewa tsarin gidansu ne daidai.

Baba ya duba agogo, ya tuna bakin lauya. Ya ɗaga ƙafa ya tsallake igiya, ya jawo kujera, ya zura zare, ya hau taka keke.

"Baba, ƙara ta yi yawa!" in ji matar laburare.

"'Yata, toshe kunne."

Kafin shugaba ya kira mai gadi, masu kallo sun cika ɗakin suna ɗaukar hoto, abin da bai taɓa gani ba tun da aka buɗe baje kolin. Ya fasa kiran mai gadin. Mai takardu kuwa ya durƙusa yana tsince ƙyallayen da ke faɗuwa yana zubawa a ambulan.

Da yamma Baba ya gama rigar, ya miƙe zai tafi. Shugaba ya tare shi yana murmushi, ya ɗaga masa igiya da kansa.

"Gobe ƙarfe nawa, Baba?"

"Sai kun saya min sabuwar allura."

Su ukun suka kalli juna, suka fara gardamar ofishin da zai saya.