Wata Mata a Gololo

Sista Sa'adiyya ta kwance robar awon jini daga dantsen Mas'uda, ta ja tsaki.

"Ya hau. Cikin fari, kuma tagwaye, ga ƙafafu kamar an hura. Ina kuma za a kai ki da na ga akwati a saman mota?"

"Gololo, Sista," in ji Mas'uda, kanta a ƙasa. "Goyon ciki. Maigidan ya ce duk abin da Inna ta yanke shi ke nan."

Inna Husaina, mahaifiyar Mas'uda, tana ƙarshen benci da carbi a hannu. Ta juya wa 'yarta baya, ta ƙura wa kalandar bango ido kamar ita ta zo gani.

"Hajiya, ba ni da ikon riƙe ta a Azare, sai da yardarki. Amma tambaya ɗaya. Da kike da cikinta, kin yi kumburi? Kin yi jijjiga wurin haihuwa? In uwa ta yi, 'ya ma tana cikin haɗari."

Carbi kawai ke tafiya.

"Hajiya, da ke nake."

"Sista," Mas'uda ta yi ƙasa da murya, "ni ce 'yar fari. Ko sunana ba ta taɓa faɗa ba, balle zancen cikina."

"Na sani! Ni ma Bafulatanar Jama'are ce, ba daga sama na faɗo ba. Amma hawan jini bai san kunyar 'yar fari ba!" Ta juya harshe zuwa Fulatanci, ta lallaɓa, ta haɗa da Allah da Annabi. Inna ta gyara mayafi.

Gali direba, wanda suka ɗauko shata, ya leƙo ta taga. "Hajiya, rana tana yi fa. Hanyar Gamawa ba ta son yamma."

"Malam, in ka sake leƙo min ɗakin awo, kai zan ɗaure wa robar nan a wuya!"

Sista ta dafe goshi, ta koma kan Mas'uda. "To ke, kanki yana ciwo?"

"Tun jiya. Kuma ina ganin wasu 'yan wuta-wuta a idona."

"Tun jiya! Shi ne sai da na tambaya?"

Carbin Inna ya tsaya. Ta yi gyaran murya, idonta har yanzu a kan kalanda.

"Akwai wata mata a Gololo," ta ce a hankali. "Cikin fari. Ta kumbura har munduwa ta ƙi fita, aka ce alamar namiji ce. Ita ma ta ga wutar nan. Ana jiƙa mata saiwa sai ta faɗi tana karkarwa. A amalanke aka fito da ita titi. Ta farka a asibiti ba ta san ta haihu ba."

"Matar tana da rai?" in ji Sista.

"Tana nan. Gefen harshenta ne dai ta cije ya gutsure."

Mas'uda ta ɗago da sauri. Tun tana ƙarama ta san wannan gefen harshen a bakin Inna, an ce mata faɗuwa ce daga kan jaki. Hawaye suka zubo mata.

"La ilaha illallahu! Hajiya, da tun ɗazu kin ba ni labarin matar nan, ai da likita ya riga ya gan ta!" Sista ta finciko keken marasa lafiya tana ƙwala wa ungozoma kira a shirya gado.

Inna ta miƙe, ta je bakin taga.

"Gali, sauke akwatin. Ka sauko min da tabarmata ma da buta, ka gaya musu a gida zan kwana biyu ban dawo ba."

Sannan ta dubi Sista, ta nuna inda Mas'uda take da haɓa.

"A gaya wa wannan ta daina kuka, yana ƙara ciwon kai."