Man da Na Daina Shafawa

"Ki sake tunani dai, ƙanwata," in ji nas ɗin, biro a hannunta. "Ƙwaya, allura, abin shaƙa irin na masu asma, ko man shafawa mai ƙarfi. Ko ɗaya ba ki taɓa amfani da shi ba?"

"Babu," na ce, idona a kan robar da ta ɗaure mini dantse da ita.

"Wannan? Ko maganin ciwon kai sai na haɗa da lallashi take sha," in ji Malam, mijina, yana tsaye bayan kujerata rungume da jakata. Ya yi dariya, ba wanda ya taya shi.

Takwas saura ne na safe. Likita ya ce lallai a irin wannan lokaci za a ɗebi jinin, don da safe sinadarin nan kotisol ya fi yawa a jiki. Wasu 'yan halittu biyu a saman ƙoda ke samar da shi, kuma yana zargin nawa sun yi sanyi. Za a ɗebi jini, a yi mini allurar da za ta zaburar da su, bayan rabin awa a sake ɗiba.

Mako uku ke nan ina miƙewa ɗaki na juyawa da ni. Ga amai, ga kasala kamar an zare mini laka. Shekaranjiya a kicin Malam ya tsince ni a ƙasa, ludayi a hannuna.

Mako uku ke nan kuma da na zubar da man bilicin ɗina.

Shekara huɗu ina shafa shi daga goshi har tafin ƙafa, tun kafin na san Malam. A kwalbar man gashi nake juye shi, don haka bai taɓa ganin kwalinsa ba. Da wannan fatar ya gan ni, da ita ya so ni, har sunana ya ɓace a bakinsa, sai dai Fara. Da muka fara zancen haihuwa na tsorata kada man ya taɓa ɗan da ban ma samu ba, na kwashe duka na watsa a shara rana ɗaya. Na ɗauka na yi abin kirki.

Nas ta ƙara naɗe hannun rigata sama tana neman jijiya. Sai ta tsaya. Ta dubi jajayen layukan da suka tsage mini dantse, ta juya hannuna ta dubi baƙin gaɓoɓin yatsuna.

"Bari in faɗa miki dalilin nacina," ta ce a hankali. "Akwai magungunan da in jiki ya daɗe yana samu daga waje, sai ya daina yin nasa. In aka yanke rana ɗaya, ba na waje, ba na ciki. A hankali ake janyewa, likita na lura. In kuwa bai sani ba, zai yi ta neman cuta inda babu ita, ke kuma ƙarfin bugun jininki na yin ƙasa. Yanzu na auna, tamanin da biyar ne. Zazzaɓi kaɗan ya isa ya kwantar da ke, kwanciyar da ba na so in ambata."

Jakar ta zame daga hannun Malam, ya cafe ta.

"Fara, kin ji?" in ji shi. "Don Allah ko wani abu ne 'yan uwanki suka ba ki, ki tuna."

Na kasa ɗaga kai. Mutumin nan da ya kwana biyu yana ɗura mini ruwa da cokali, yaya zan ce masa fuskar da yake kira da suna ta kwalba ce?

Nas ta ajiye biro, ta dube shi da murmushi.

"Malam, kai ma fa ka kusa faɗuwa, kuma gado ɗaya gare ni. Je ka baranda ka sha iska, minti biyar kawai."

Na gane ƙofar da ta buɗe mini. Zan iya raɗa mata, ta rubuta, shi ke nan. Amma gobe fa, in fatar ta fara komawa launinta na asali a gabansa?

Har ya kama marfin ƙofa.

"A'a, Anti, kada ya fita," na ce, hawaye na sauko mini. "Malam, dawo ka zauna. Anti, ɗauki bironki, zan faɗa, kuma a gabansa zan faɗa."