Zanzaron Ƙarya a Dankalin Barnabas

Shekara biyu da yanko jihar Taraba, mai gidan da nake haya a Nukkai, Baba Goni, ya iso da leɓe a kumbure.

"Maman Lucy, dankalin nan naki na bayan gida ya tara zanzaro. Jibi zan sa a sare."

A sare? Irin da marigayi mijina Barnabas ya ɗauko daga Sunkani ya dasa da hannunsa? Raina ya ɓaci, na haɗiye don girmansa.

Na san abin da ya gani, kuma ba shi ya kumbura masa leɓe ba. Wani ƙwaro ne mai baƙaƙen fukafukai da ɗigon rawaya, cikinsa zobe-zobe, ja da shuɗi, yana walƙiya kamar sabuwar atamfa. Barnabas malamin gona ne, shi ya nuna mini shi. Ya ce dangin ƙwarin nan ne masu rububin fitila, amma shi da tsakar rana yake yawo abinsa, don ya ari kamannin zanzaro, tsuntsu ba ya kusantarsa. Harbi kuwa, ko na sauro bai iya ba. Tsutsarsa mai gashi ganyen dankali take ci, in ta ƙoshi ta tsige gashin jikinta ta saƙa ɗaki ta shige. Kai, Allah gwani!

Ranar da Baba Goni ya dawo, adda ce a hannunsa. Na ratsa kunyoyin, na lallaɓa na kamo guda a kan fure, na ɗora a leɓena.

"Subhanallahi! Ke, yar da shi!"

Ƙwaron ya taka a hankali ya hau kuncina, ya baje fukafukai. Na sa yatsa na ɗauke shi, na miƙa.

"Baba, karɓi. In ya harbe ka, ni zan sare da kaina."

Tsohon nan, da gemunsa da komai, da ƙyar ya miƙo hannu. Ƙwaron ya sauka a bayan hannun, rana ta haske shuɗin cikinsa. Ya daɗe yana kallo.

"Ikon Allah. Wa ya koya miki?"

"Wanda ya dasa dankalin."

Baba Goni bai motsa hannu ba sai da ƙwaron ya tashi don kansa. Ya jingine addar a bango.

"Kunyar ƙarshen can ta bushe," in ji shi. "Ina bokitinki?"