Minista a Ɗakin Gumi

Aulis Kemppainen da baki ya ci abinci tun yana saurayi. Da baki ya yi suna a kotunan Helsinki, da baki ya shiga majalisa, har aka ba shi ƙaramin ministan tsaro, aka ɗora masa sha'anin tsofaffin sojoji. Shi kuwa ko bindigar harbin agwagwa bai taɓa riƙewa ba.

Yanzu kujerar na rawa. Gwamnati na son kwashe tsofaffin daga gidansu na bakin tafki zuwa sabon gini a birni, jam'iyya kuma ta gaya masa ba ɓoye-ɓoye: ko ya zo da amincewarsu kafin zaman gaggawa da majalisa za ta yi gobe, ko ya koma wa rigar lauyansa.

Shugabarsu, Manjo Sirkka Hyttinen, wadda ta yi jinyar sojoji a Lebanon, ta tarbe shi a ƙofa da ya isa gidan. Ya soma zuba, ta katse shi. Ta ce Asabar ce, ranar sauna, wato wankan ɗakin gumi, ba a magana sai an yi gumi. Maza su fara, mata su biyo baya tun duwatsun murhun ɗakin na da zafi.

Aulis ya haɗiye takaici ya tuɓe. A ransa ya ce wannan ai gwaji ne, kotu ce ba alƙali, wanda ya fara fita shi ya faɗi.

Ɗakin katako ne, baƙi ƙirin da hayaƙi, tsofaffi sun jeru a benci kamar an haɗa su da shi. Ya hau can sama, ya gyara murya, ya fara lissafa alherin sabon gini. Wani tsohon saje mai kunne ɗaya, Voitto, ya ɗebi ruwa da ludayi ya watsa wa duwatsu. Tururi ya taso ya mari Aulis, maganar ta koma ciki.

"Lauya," in ji Voitto, "tsirara ba ta da muƙami. Rufe bakin nan, kana shanye mana zafi."

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Duk sanda ya buɗe baki, ludayi ya amsa masa. Wani ya tambaye shi ko gaskiya ne sauna ɗin birnin da lantarki take aiki, kamar tukunyar shayi. Kafin ya kare kansa, ruwa ya sake sauka.

Da zafi ya ishe su, tsofaffin suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya, suna faɗawa tafki. Voitto ya tsaya a ƙofa ya ce masa ya taso haka nan, an gama. Aulis ya ƙi. Ya san irin wannan tarkon, ya ɗana wa shaidu da yawa. Ya ɗauki ludayin da kansa, ya yi ta watsa ruwa don a jiyo daga waje cewa minista na nan daram. Aka ƙwanƙwasa, ya yi kunnen uwar shegu. Aka sake, ya ƙara ruwa. Wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho.

Sai da duwatsun suka daina ko tsaki sannan ya fito, ja wur kamar dafaffiyar ƙaguwa, yana tangaɗi, yana murmushin wanda ya ci shari'a.

Mata na zaune a baranda, kowace da tawul da damin ganyen bugun jiki a cinya, ganyen har ya yi yaushi. Ba wadda ta yi murmushi. Manjo ta wuce shi, ta shiga ta ɗora tafin hannunta a kan duwatsun, ta fito.

"Ka kashe mana saunar, Aulis. Wa ya ce maka kokawa ake yi?"

Ya fara bayani, ya kawo batun majalisa, ya ce kalma ɗaya kawai yake nema, jirgin ƙasan yamma ba ya jira. Ta ce ita ba ta yanke hukunci da sanyin jiki, kuma irin wannan murhun wuni yake ci kafin ya sake ɗaukar zafi, sannan a jira hayaƙi ya fita. Ta nuna masa rumbun itace da haɓa.

Voitto ya miƙo masa gatari, yana tauna gasasshen kifi.

"Ta ƙotar ake riƙewa, ranka ya daɗe."

Aulis ya ɗaure tawul, ya ɗaga gatarin, ya sara gefe. Can hayin tafki jirgin yamma ya yi kuka ya wuce. Ya tsaya yana kallon tururin jikinsa na tashi cikin iska, sannan ya gyara itacen ya sake ɗagawa.